Daga Awon Ciki Zuwa Bayan Arba'in: Yadda Muke Bi Da Mai Cikin Fari Kan Tazarar Haihuwa

Ranar awo a asibitin sha-ka-tafi na cikin garin Katsina, kafin ƙarfe tara benci ya cika. Masu cikin fari ba sa ɓuya. Su ne a can ƙarshen benci, hijabi har ƙasa, kati a naɗe a hannu, kuma da wuya a ga ɗaya ta zo ita kaɗai. In ba uwar miji ba, to yayar miji ko wata dattijuwar gidan ce ta rako ta. Shekarunsu sha shida, sha bakwai, sha takwas. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 19 cikin ɗari na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 a Najeriya sun haihu ko suna ɗauke da cikin fari, kuma a binciken nan Jihar Katsina ce kan gaba a yawan haihuwa, sama da 'ya'ya bakwai ga mace guda. Mu unguwarzoma abin da muke gani ke nan kowane mako.

A zuwan farko ba ma tayar da zancen tazara. Ranar ta awon jini da fitsari ce, da awon nauyi, da duba ko jininta ya hau, da allurar rigakafin tetanus, da ƙwayoyin ƙarin jini, da Fansidar, maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, idan cikin ya wuce mako sha uku. Yarinyar da ba ta gama yarda cewa ita ce za ta haihu ba, ka ce za ka yi mata maganar ciki na biyu, iska kake bugu. Sai a zuwa na biyu ko na uku, wajen wata huɗu zuwa biyar, lokacin ta saba da fuskokinmu.

Abu na farko shi ne a same ta ita kaɗai. Idan za ta hau gadon awo sai mu ce wa mai rakiya, "Inna, ki ɗan jira mu a waje, yanzun nan za mu gama." Ba wanda ke musu da wannan, don kowa ya san za a buɗe ciki. Tana kwance ana auna tsawon cikin, ba ido cikin ido ba, nan bakinta ya fi buɗewa. Kuma ba ma tambayarta ko ta san tazarar haihuwa, don amsar ɗaya ce, ko ta ce "eh" ko ta rufe fuska. Cewa muke, "Ɗiyata, mi kika taɓa ji ana faɗi game da allura ko ashanar hannu?"

Kusan kowacce ta san sunayen. Ta ji allura, ta ji ashana, wato ɗan tsinken da ake sawa ƙarƙashin fatar dantse, ta ji ƙwaya, wata ma ta ji robar mahaifa, ko a rediyo ko a gidan suna ko wajen ƙawayen amarci. Abin da ba ta sani ba shi ne yadda suke aiki, kuma gurbin nan jita-jita ta riga ta cike shi. Za ta ce ashana tana yawo a jiki har ta kai zuciya. Za ta ce allura tana ƙone mahaifa, ko jinin da bai fito ba taruwa yake yi a ciki ya zama ƙari. Za ta ce ai mai haihuwa ɗaya ba a yi mata, sai wadda ta tara. Wadda ta fi duka jawo mana aiki kuwa ita ce cewa mai shayarwa ba ta ɗaukar ciki sai ta ga al'ada. Ƙwai yana riga jini fitowa, don haka mace na iya ɗaukar ciki ba ta ga ko ɗigo ba. Wadda ba ta shayarwa, daga mako huɗu bayan haihuwa ciki na iya shiga.

A cikin jita-jitar nan akwai guda ɗaya mai ƙamshin gaskiya, kuma duk ma'aikaciyar da ta ƙaryata ta gaba ɗaya ta yi wa aikin illa. Allurar wata uku ba ta hana haihuwa har abada, amma tana jinkirta dawowar ta. A matsakaici mace kan ɗauki kimanin wata goma daga allurar ƙarshe kafin ta sami ciki, wata ma ta haura shekara. Yarinyar da haihuwarta ɗaya, wadda dangin miji ke ƙirga mata watanni, wannan ba ƙaramar magana ba ce a wurinta. Gara ta ji daga bakinmu tun yanzu da ta gano da kanta bayan shekara biyu, ta zaga unguwa tana cewa an cuce ta.

Kalmar da muke amfani da ita ma tana da nauyi. "Tazara" muke cewa, ko "hutu". Wanda ya ce "ƙayyade iyali" ya rufe ƙofa da hannunsa, don ba abin da aka zo yi ke nan ba, kuma ba wanda zai saurare shi. Lissafin da muke ba ta mai sauƙi ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a bar aƙalla wata 24 daga haihuwa kafin wani cikin ya shiga. Ba sai mun yi dogon bayani kan abin da ke faruwa in ba a bari ba, don kowa ya san kwanika. Yaro na wata bakwai ko takwas, sai a ga uwa na amai, a cire shi daga nono dare ɗaya a kai wa kaka, ga gudawa, ga rama, daga nan sai layin tamowa. Ita kuma uwar, mai shekara sha bakwai da jikinta bai gama girma ba, ta shiga ciki na biyu da jinin da bai dawo ba, ga haɗarin bakwaini da jariri marar nauyi. Ƙananan mata dama sun fi manya faɗawa jijjiga. Wadda aka yi wa tiyata kuwa, ko wadda doguwar naƙuda ta kai ta Babbar Ruga gyaran yoyon fitsari, hutun a wurinta ba zaɓi ba ne, wani ɓangare ne na magani.

Lokacin da muke da shi gajere ne, kuma dalilin al'ada ce. Daga wata bakwai da yawa daga masu cikin fari sukan tafi goyon ciki gidan iyayensu. Wadda ke awo a Katsina sai ta koma Mani ko Rimi ko Daura, ta haihu a can, ta yi wanka a can, ba za mu sake ganin ta ba sai da goyo. Ke nan duk abin da za a tsayar sai a tsayar da shi tsakanin wata huɗu da bakwai, har da ganin maigida.

Ƙa'idar aiki ba ta ce sai miji ya sa hannu ba. Jikinta ne, kuma sirrinta amana ce a wurinmu. Amma mun san abin da ke biyo bayan ashanar da aka sa a ɓoye idan aka shafo ta a dantse: rigima, yaji, a dawo da ita a cire ana huci. Don haka muna tambayarta, "In mun kira shi zai zo?" Idan ta ce a kira, sai mu ba ta takarda ko mu buga masa waya. In ta ce kar a kira, ba ma kira. Da namiji minti goma ya isa, kuma ba da sunayen magunguna ake fara masa ba. "Malam, matarka jininta ya yi ƙasa. In ta haihu lafiya muna son ta huta shekara biyu, yaronka ya sha nono ya ƙoshi." Tambayarsa ba ta wuce uku: shin za ta sake haihuwa, nawa ne, kuma ya halatta? Ta farko amsarta eh. Ta biyu, tun 2011 gwamnatin tarayya ta mai da kayan tazara kyauta a asibitocin gwamnati, ko da yake wani lokaci kaya kan yanke, ko a ce a sayo safar hannu. Ta uku ba mu ne masu fatawa ba. Mukan tuna masa ayar shayarwa shekara biyu cikakku a Suratul Baƙara, da hadisin Jabir cewa sahabbai suna azalu, wato zubar da maniyyi a waje, Alƙur'ani na sauka, sannan mu ce ya tambayi malaminsa. Sau da yawa miji ya fi uwarsa sauƙin kai. Ita Inna sai an bi ta ta hanyar jikanta, don ba kakar da ke son a kawo mata yaye na wata takwas.

Abin da ta zaɓa muna rubuta shi ɓaro-ɓaro a katin awo, don duk asibitin da ta je haihuwa su gani. Ba a tambayar mace zaɓi tana tsakiyar naƙuda. A wannan halin ko me aka ce za ta ce to, kuma wannan ba yarda ba ce.

Ranar haihuwa abu biyu ake iya yi kafin sallama. Robar mahaifa mai jan ƙarfe ana sa ta cikin minti goma bayan fitar mabiyiya, ko kafin a cika awa 48. In wannan ya wuce sai bayan mako huɗu, don tsakanin nan mahaifa na komawa kuma robar ta fi saurin faɗowa. Ba a sa ta idan faya ta daɗe da fashewa, ko akwai zazzaɓi da alamar ƙwayar cuta, ko jini bai tsaya ba. Tana kai shekara goma, ba ta da sinadarin da ke taɓa nono, amma takan ƙara yawan jinin al'ada da ciwon mara a watannin farko, abin dubawa ga yarinyar da dama jininta kaɗan ne. Gaskiya ƙananan mata ba su cika zaɓar ta ba. Kunyar inda ake sa ta kaɗai ta isa.

Ashana ce ta fi karɓuwa, kuma a ganinmu ita ta fi dacewa da mai haihuwar fari da ke son hutun shekara biyu: ba ta da mantuwa, cikin mata ɗari ko ɗaya ba ta cika samun ciki a kanta a shekara ba, kuma ranar da aka cire ta haihuwa ta dawo. Implanon tsinke ɗaya ne na shekara uku, Jadelle biyu ne na shekara biyar. Tun 2014 aka yarda jami'an lafiya na matakin farko da suka sami horo su riƙa sa ta, don haka ba sai an je babban asibiti ba. Ranar sawa, yarinyar takan kwanta rigingine, ta lanƙwasa hannun da ba ta aiki da shi, tafin na kusa da kunne. Mukan auna santimita 8 zuwa 10 sama da ƙashin gwiwar hannu ta ciki, mu kauce wa kwarin da jijiyoyi suke bi, mu yi alama da biro. A goge wurin da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a yi allurar kashe zafi kamar mililita biyu a ƙarƙashin fata, a ɗan jira. A nan yarinya kan runtse ido ta damƙe zani, sai mu gaya mata zafin da za ta ji ke nan, ya wuce. Sannan a huda, a kwantar da allurar, a ɗaga fata sama kamar tanti ana turawa a hankali don tsinken ya kwanta dab da fata. Idan aka nutsa shi cikin tsoka, aikin ya yi amma ranar cirewa za a sha wuya, kuma daga irin wannan kuskuren ne labarin "ta ɓace a jiki" ya samo asali. Da an gama sai mu kama yatsanta mu ɗora a kai. "Kin ji ta? Nan take, nan za ta zauna." Tsawonta santimita huɗu ne kawai. A sa filasta, a ɗaure da bandeji.

Sai kuma abin da littafi bai sani ba, wato wankan jego. Ana son wurin ya zauna a bushe kwana huɗu, ita kuwa gobe da asuba za a tafasa ruwa a fyaɗa mata da ganyen bedi. Don haka ba ita muke yi wa bayani ba, mai yi mata wankan muke kira, mu nuna mata hannun, mu ce a naɗe shi da leda a ɗaga shi sama. In ba haka ba bayan mako guda za ta dawo da wuri ya yi ja yana ruwa. Muna kuma tambaya ko tana shan maganin tarin fuka ko na farfaɗiya, don rifampicin da carbamazepine da irinsu suna rage ƙarfin ashana da ƙwaya. Mai shan irin waɗannan, allura ko robar mahaifa ta fi mata.

Wadda ta zaɓi allura, in tana shayarwa sai an cika mako shida. A nan lissafi ya yi mana daɗi: arba'in kwana 40 ne, mako shida kwana 42, kuma ranar ce ake kawo jariri rigakafinsa na mako shida. Ita ce kuma ranar da ake shirin mai da ita ɗakinta. Idan ta fita daga layin rigakafi ta wuce gida ba wanda ya tare ta, an yi asarar babbar dama, shi ya sa muke son teburin tazara ya kasance kusa da na rigakafi, ba can bayan gini ba inda duk mai shiga sai an gan ta. Kafin allura muna awon hawan jini, musamman da yake ta yi kwana arba'in tana shan kunun kanwa, kanwa kuwa gishiri ce. In ya kai 160 bisa 100 ba a yi mata, sai a tura ta ga likita. Depo-Provera duk mako 13 ne, kuma ko ta makara da mako huɗu ana iya yi mata ba tare da gwaji ba. Noristerat duk mako takwas, sassaucinsa mako biyu. Inda ake tuntuɓe shi ne allurar Depo ta biyu: tana faɗowa a mako na 19, alhali rigakafin yaro na mako 14 ya wuce, na wata tara bai zo ba, ba wani dalilin da zai sa a bar ta ta fito. Sayana Press, allurar wata uku da mace ke iya yi wa kanta, ta rage wannan matsala, don bayan an koya mata ta yi a gabanmu, ana iya ba ta ta tafi da ita gida. A girgiza ta daƙiƙa 30, a tura murfin ya haɗe da wuyan har ya rufe giɓin, a cire murfi, a tsunkuli fatar ciki ko gaban cinya, a soka, a matse 'yar jakar a hankali daƙiƙa biyar zuwa bakwai. Ba a murza wurin. Kuskuren da aka fi yi shi ne mantawa da tura murfin, sai a yi ta matsawa magani ya ƙi fita.

Ƙwaya ba ma ɗokin ba ƙananan mata, sai wadda ta nace. Mai shayarwa irin Microlut ake ba ta, kullum a lokaci guda, kuma in ta makara fiye da awa uku bayan al'adarta ta dawo, sai ta kiyaye kwana biyu. Mukan ce ta haɗa ta da sallar isha'i. Irin su Microgynon da ake saye a kemis ba na mai jego ba ne sai jariri ya kai wata shida, don suna iya rage nono. Kwaroron roba da azalu a hannun miji suke. A yadda mutane ke amfani da su, cikin mata ɗari kusan 13 kan sami ciki a shekara da na farko, kusan 20 da na biyu.

Da yawa kuma za su ce su nono ya ishe su. Ya isa, amma da sharaɗi uku a tare: jariri bai kai wata shida ba, al'ada ba ta dawo ba, kuma nono zalla yake sha dare da rana, ba a wuce awa huɗu da rana ko shida da dare ba a ba shi ba. In sun cika, kariyar ta kai kashi 98 cikin ɗari. Sharaɗi na uku ne ke karyewa. A zafin Katsina na watan Afrilu, ka ce wa kaka kar a ba jariri ruwa, kallon marar imani za ta yi maka. Daga ruwa sai koko, tsotso ya ragu, ƙwai ya fito. Shi ya sa ko wadda ta zaɓi nono muna sa mata ranar dawowa kafin wata shida, ba bayansa ba.

Abin da ya fi komai sa a dawo a ce a cire shi ne jini. Ashana da allura suna rikita al'ada: wata ɗigo-ɗigo na makonni, wata ya ɗauke gaba ɗaya. A likitance ba cuta ba ce. Sinadarin ne ke hana bangon mahaifa yin kauri, don haka ba wani jini da ke taruwa. Amma ga mace Musulma ɗigo ba ƙaramin abu ba ne. Ta yi salla ko kar ta yi? Azumi fa? Ga miji ya fara ƙorafi. Yarinyar da ba a gaya wa tun farko ba, kwana ashirin na ɗigo ya isa ta yanke cewa an lalata ta. Wadda aka gaya wa kuwa takan zo ta ce, "Anti, abin nan da kika ce ya fara." A mazhabar Malikiyya da muke bi, haila ba ta wuce kwana 15, abin da ya haura jinin ciwo ne, mace ta yi wanka ta ci gaba da ibadarta, sauran bayanin ƙirgen kwanaki mukan tura ta wajen malamar Islamiyyarsu. Ta ɓangarenmu akwai taimako: ga mai ashana, ibuprofen miligiram 800 sau uku a rana bayan abinci, kwana biyar, in ba ta da gyambon ciki, ga mai allura, mefenamic acid miligiram 500 sau biyu a rana, kwana biyar. Ma'aikaciya ce ke bayarwa bayan ta duba, ba a je kemis a saya ba. Jini mai yawa da gudaji, ko mai wari, ko da zazzaɓi da ciwon mara, wannan wani abu ne daban, a zo a ranar.

In kuma duk da haka ta ce a cire, cirewa muke yi. Ma'aikaciyar da ke cewa "ai ba ta kai shekara uku ba" tana ganin ta kare kayan gwamnati, alhali ta kori mata goma da ke jiran su ga yadda wannan za ta ƙare.

Akwai waɗanda ba su bi ta layin rigakafi, kuma su aka fi mantawa. Wadda ta yi ɓari, cikin mako biyu wani cikin na iya shiga, ana kuwa son ta huta wata shida, ga gida kowa na cewa a yi maza a maye gurbi. Wadda jaririnta bai zo da rai ba, ba nonon da zai kare ta. Sai wadda ta zo da ciki ba aure, wadda yawanci sai cikin ya tsufa ake kawo ta, da yamma, bayan layi ya watse. Ita ma bayani iri ɗaya muke yi mata, ƙofa a rufe, ba gori, kuma muna bincikawa a hankali ko tilasta ta aka yi, don in haka ne akwai wani aikin bayan na awo. Dukkansu kafin su bar gado muke magana da su, don ba tabbas za su dawo.

Ranar dawowa kuwa ba a kati kaɗai muke barin ta ba. Kati yakan shiga ƙasan akwati, kuma ba kowacce ke ƙirga da watan Bature ba. Mukan duba kalanda mu gaya mata da watan Musulunci, "mako biyu bayan Sallar Layya" ko "farkon watan azumin tsofaffi", mu karɓi lambar wayar da ta ce a kira, wadda sau da yawa ba tata ba ce, ta yayarta ce.